Alhaji da Jaki a Shagon Ya Falmata

Tun da na dawo daga Difa ƴan fadarmu suka hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Da na ɗaga kofi sai wani ya ce, "Isufu, wai da gaske sojoji sun kama ka da albarushi?" Wani ya ce shi kuma ya ji an ce na bar gyaran fotokofi na koma noman tattasai. Kai, mutanen Damagaram, ba ku barin labari ya huce! To, ga shi zan faɗa tun daga tushe, wanda ya sake tambayata bayan wannan shi zai sayi sukari.

Mafarin abin waya ce daga Bukar, abokina tun muna lakwal, wato makarantar boko, wanda yanzu yake koyarwa a Difa. Ya ce akwai maƙwabciyarsa, Ya Falmata, mai shagon fotokofi kusa da kasuwa. Asalinsu mutanen Baruwa ne, can wajen Boso, tashin hankalin shekarun baya ya koro su. Mijinta ya rasu, da shagon nan take riƙe da yaranta a makaranta. Yayanta Ba Kiari, manomin tattasai, shi ya sayar da amfanin gonarsa ya saya mata sabon inji ƙato, ga shi injin ya lalace, masu gyara biyu sun taɓa sun tafi. Ba Kiari ya ce wannan ne gyaran ƙarshe. In inji bai tashi ba a rufe shago, ta kwashi yara ta koma gidansa a Gagamari ta zauna.

"Ka zo don Allah," in ji Bukar. "Matar nan ko barci ba ta yi."

Ni kuwa dama ban taɓa wuce Gure ba. Kuma duk wanda ya san ni ya san in aka ce ga injin da ya gagari wasu, jikina har tsuma yake. Na haɗa jakar aiki, na sa farar rigata ta zuwa suna don kada Barebari su raina Damagaram, na kama hanyar tasha.

A cikin bas Allah ya haɗa ni kujera da wani dattijon Bafulatani, a bayanmu kuma wani Babarbare mai fataucin kifi. Kun san su, taubasai ne. Ba mu kai Mirya ba Babarbaren ya miƙo ƙafa ya ce, "Bawana, matsa mini ita." Dattijon ko waiwayawa bai yi ba ya ce, "Direba, wa ya bar kaya ya hau kujerar mutane?" Haka suka yi ta yi har Gure, duk bas ana dariya, kuma a Guren kwano ɗaya suka ci. Da dattijon ya ji sana'ata sai ya ce ashe likitan injin takarda ne ni. Ya tambaye ni ko injunan ma suna da hali kamar shanu. Na ce ƙwarai kuwa, akwai mai tsayawa a duba shi, akwai mai shuri. Ya gyaɗa kai ya ce shi ma yana da wata saniya, kyau kamar me, amma ba ta bari a taɓa hantsarta, kullum sai dai a yi ta kallonta.

Bayan Gure rairayi ya fara cin kwalta. A wani wuri bas ta nutse, aka ce maza su sauko, muka tura har numfashina ya kusa ɗaukewa. A Gudumariya na sayi dabino, na cinye rabi kafin in tuna tsaraba ce na saya wa matar Bukar. Daga nan shingayen tsaro suka fara yawa. A sauka, a nuna kati, a buɗe jaka, a hau. Mutanen hanyar sun saba, kafin mota ta tsaya kowa katinsa na hannu.

To, ga maganar albarushi. Kusa da Maine wani soja matashi ya buɗe jakata, ya ga turnabis na kwance kusoshi, ya ga wayoyin lantarki, sannan ya ciro wata gorar ruwa cike da baƙin gari. Garin tawadar inji ne, wanda muke cewa tona, na juye shi a gora don kada ya zube.

"Wannan fa?"

"Tawada ce, ranka ya daɗe."

"Tawada gari?"

Ya ja da baya, ya kira wani. Wallahi nan na gane abin da yake zargi. Wayoyi, baƙin gari, baƙon fuska, a hanyar Difa! Don in wanke kaina sai na yi saurin buɗe gorar in nuna musu, iska kuwa kamar jira take. Fuu! Fuskata, gemuna, farar rigar zuwa suna, duk suka koma baƙi ƙirin, na kama atishawa ba tsayawa. Babbansu ya iso, ya dube ni, ya fashe da dariya har yana dafa mota. Ya ce shi ya yi aikin biro, wato ofis, abin nan ya ɓata masa riga ba sau ɗaya ba. Ya sa aka ba ni ruwa, ya ce kada in wanke rigar da ruwan zafi, kamar ni ban sani ba, sannan ya ja ni gefe yana tambayata dalilin da injin ofishinsu ke cin takarda. Daga nan har Difa sunana a bas "mai albarushi".

Mun wuce Gagamari da yamma. Na leƙa ta taga saboda sunan da Bukar ya ambata, na ga gidajen zana da tamfol sun jeru a bakin hanya, yara na ɗibar ruwa. Na ce a raina, nan ke nan za a kawo matar nan in hannuna ya kasa.

Da muka sauka a Difa na ƙwala wa wani mutum kira, na ce ya nemo mini kabu-kabu. Ya dube ni daga sama har ƙasa, da baƙar fuskata, ya ce, "Malam, daga ina?" Ashe lokacin an hana babur yawo saboda tsaro, ni kaɗai ne ban sani ba. Na hau keke mai ƙafa uku. Da na biya da sefa ya ba ni canji da naira, na tsaya ina jujjuya takardun kamar ɗan ƙauye, sai da Bukar ya zo ya cece ni. A can kuɗi biyu ke yawo a aljihu ɗaya, kuma har mai sayar da ƙosai ta san lissafinsu.

Gaisuwarsu kuma sai ka shirya. Mu a nan "ina wuni, ina gajiya", an wuce wurin. Su kuwa "wushe, wushe, lale, lale", ana tafa hannu a hankali, ana sunkuyar da kai, in ka zaci an gama sai a ɗauko daga farko. Na koyi "wushe" kaɗai, na riƙa zuba ta ko'ina, har akuyar gidan Bukar sai da ta samu. Matarsa ta kawo burabusko da miyar bandar kifi, ja wur da tattasai. Jama'a, kifin da muke ci a Damagaram sunansa kawai muke ci! Na ci hannu baka hannu ƙwarya. Sai dai sauron Komadugu ya rama wa kifin, don na kwana ina marin kaina a zauren Bukar.

Da safe muka nufi shago. Tun daga nesa hanci ke sanar da kai kasuwar tattasai, buhuna jibge kamar ganuwa, kowa na atishawa kuma ba mai ce wa wani sannu. Amma da ka sa ƙafa a shagon Ya Falmata sai ka ce wata duniya ce. A share tas, ga sanyin ƙamshi, ga takardu a jere. Ita kanta doguwa ce, ta naɗe cikin lafaya, tana Hausa da irin harshensu mai ja.

"Malam Isufu, sannu da hanya. Ga su nan. Wancan fari babba shi ne Alhaji, wannan na lungu shi ne Jaki."

Na ce, "Ya Falmata, wa ya raɗa musu suna?"

"Halinsu. Alhaji ya sa fararen kaya ya zauna, sai dai a gaishe shi. Jaki kuwa tun da na buɗe shago shi ke ɗaukar kayan gidana, yanzu shi ma ya fara gajiya."

Ta yi dariya, amma hannunta na murza bakin lafaya. Ta nuna mini aikinsu. Takardar Jaki tana fita da duhu kamar an shafa mata toka. Ta Alhaji kuwa fari fat, rubutun sai ka kai ido kusa. Masu kawo takardun makaranta da na asibiti duk sun koma wani shago.

Na fara da Jaki, don likita da mai sauƙi yake farawa. Tsohon inji ne, okaziyo, wato na hannu, fentinsa ya koɗe. Amma da na ja ƙofar gabansa, wayyo daɗi! Wanda ya ƙera injin nan ya san wata rana wani bawan Allah zai durƙusa gabansa da gumi. Duk abin da hannu zai taɓa an yi masa kore. Ka murɗa wannan, tambur ya zaro kamar aljihun tebur, tambur ɗin shi ne gangar da ke ɗaukar hoton rubutu ta manna wa takarda. Ka ɗaga wancan, hanyar takarda ta buɗe gaba ɗaya. A bayan ƙofa har zane aka yi, na wanda bai iya karatu ba. Kusoshinsa iri ɗaya ne, turnabis guda ya ishe ka. Na ɗage gilashin sama, ga madubai a fili suna kallona. Na goge su, kafin shayin da Bukar ya ɗora ya nuna, Jaki ya fitar da takarda tas kamar ranar da aka haife shi. Ya Falmata ta rangaɗa guɗa, masu tattasai suka leƙo.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Dattin da na goge ba ƙura ba ce. Wani abu ne ruwan ƙasa, mai danƙo kamar an shafa zuma. Na ce wataƙila hayaƙin masu banda ne, na wuce.

Sai na juya ga Alhaji. Tabɗi! Kyan ɗan maciji. Ga allo mai haske ana latsawa da yatsa, ga harsuna, ga kiɗa in ya tashi. Amma na zagaya shi sau uku ina neman ta inda ake shiga. Kusoshin an ɓoye su ƙarƙashin roba, kuma kansu tauraro ne mai ɗan tsinke a tsakiya, wanda aka yi musamman don kada turnabis ɗin talaka ya shiga. Allah ya so ina da irinsa. Inda babu kusa kuma haƙoran roba ne, in ka ja da ƙarfi su karye, na ga waɗanda suka riga ni sun karya wasu, kuma ban ga laifinsu ba. Kwalbar tonarsa tana da wani ɗan ƙarfe mai wayo, in ka cika ta da garin da ba na kamfaninsu ba sai inji ya yi fushi ya rubuta lamba. Lambar kuma ba ta gogewa sai da kod, wato lambar sirri, kod ɗin yana wurin wakilinsu, wakilin yana inda jirgi ke sauka.

Kada ku ce ina zagin sabon abu, ku masu cewa Isufu ɗan gargajiya ne. Na taɓa sababbi masu mutunci, har da wanda aka maƙala wa ƴar sandar goge-goge a bayan ƙofa don mai shi ya riƙa share gilashin ciki da kansa. Na kuma ga tsofaffin da in ƙaramin abu ya karye sai ka nemi kayansu har Kano ka rasa. Maganar ita ce wasu an ƙera su don a gyara, wasu an ƙera su don a kira kamfani. A Yamai wannan ba komai ba ne. A Difa kuwa, inda mai gyara sai ya wuni a mota, wanda ya sayi irin na biyun ya sayi baƙin ciki da kuɗinsa. Shi ya sa nake gaya wa masu saye, kafin ka tambayi takarda nawa yake bugawa, ka ce a buɗe maka ƙofarsa ka ga ko hannunka zai shiga.

Na share saman Alhaji, na gwada. Fari. Na duba tambur, sabo ne, masu gyaran baya sun canza shi, ni ma da shi zan fara zargi. Na sa ya buga takardar gwajin kansa, wadda ba ta bi ta gilashin sama, ita ma fari. Ke nan ciwon yana can ƙasa, a akwatin hasken da ke zana rubutu a jikin tambur, kuma kafin a kai gare shi sai an kwance rabin inji. La'asar ta yi, aka ɗauke wuta. Ya Falmata ta ɗauko zane ta lulluɓe injunan biyu, ta gyara gefe-gefen kamar mai rufe yaro.

Bukar ya ce in zo mu gaida Ba Kiari, yana gonar da aka ba shi aro a bakin kogi. Nan na ga Komadugu da idona. Ni da nake jin "iyakar ƙasa" ina zaton katanga, ashe ruwa ne wanda in ka yi kira na ƙetare zai amsa. Wayata ma ta ruɗe, ta aiko mini da saƙon barka da zuwa Najeriya alhali ƙafata na cikin Nijar. Ga injunan ban ruwa na tatata, ga tattasai an shanya ja har inda ido ya tsaya. Ba mu daɗe ba, don kowa na son barin bakin ruwa kafin rana ta faɗi.

Ba Kiari gajere ne kakkaura, hannunsa kamar itace. Bayan wushe ta ƙare ya ce, "Malam, zai tashi ko ba zai tashi ba?"

Na ce, "Ba Kiari, da yardar Allah."

"Waɗancan ma da yardar Allah suka ce." Ya nuna shanyar da hannu. "Ka ga wannan? Irinsa na shekara guda na zuba a injin nan. Na ce a ba ni wanda ya fi kowanne, don kada a ce ƙanwar Kiari tana aiki da tsohon ƙarfe. Ba mugunta nake mata ba. Amma ba zan iya noma wa inji ba. Gobe Talata zan shigo kasuwa, in na tarar da shi kwance, da ita zan koma."

Na kasa jin haushinsa, kuma abin ya fi damuna, don da mugu ne da na sami wanda zan zaga a raina.

Washegari na yi sammako, ina son in fara kafin a sake ɗauke wuta. Na tarar Ya Falmata ta riga ni. Ta kunna injunan su yi ɗumi, suna lulluɓe da zanensu, sai na ga ta durƙusa da kasko a hannu, ta barbaɗa turaren wuta a garwashi, ta ɗaga bakin zane ta tura kaskon ƙarƙashin Alhaji, ta saki zane. Hayaƙi ya cika ciki. Ina jin fankar injin tana zuƙa, fuu, kamar mai shan lemo da tsinke.

Na ce, "Innalillahi! Ya Falmata, me kike yi?"

Ta ɗago da mamaki. "Turare nake masa."

"Kullum?"

"Kullum mana. Alhaji sau biyu, shi ne babba." Ta ga yadda na dafe kai, muryarta ta sauka. "Malam Isufu, a nan ga warin kifi ga tattasai. Mu abin da muke girmamawa muna turara shi, tufafi, ɗaki, shimfiɗar baƙo. Yayana ya yi mini kyautar da ba a taɓa yi mini ba, in bar ta tana warin kasuwa? Har takarduna mutane na sansanawa su ce wannan daga shagon Falmata ta fito."

Ni fa farin ciki ya kama ni har na kusa taka rawa, don na gano ciwon, kuma ciwo ne mai magani. Amma na dubi fuskarta na haɗiye. Na yi mata bayani a hankali, cewa turaren nan da mai ake haɗa shi, man yana bin hayaƙi ya kwanta a madubai, ƙura ta zo ta manne. Ta janye kaskon, ta riƙe shi a hannu duk da zafinsa.

"Ashe ni na kashe shi," ta ce.

"Bai mutu ba. Suma ya yi."

Na tuɓe riga na shiga Alhaji. Murfin baya, murfin gefe, allon wuta, wayoyi sirara kamar gashi waɗanda in ɗaya ta tsinke an gama. Na jera kusoshi a faranti-faranti, Bukar ya dawo daga aji ya zama mai riƙe mini fitila, yana ta cewa, "Isufu, ka tabbata za ka iya mayar da wannan?" Na ce ya yi mini shiru. Da na kai ga akwatin hasken sai na tarar an liƙe shi da gam, an rubuta kada a buɗe. A ƙa'idarsu sai dai a jefar a sayi sabo. Na yi bisimilla na bi gam ɗin da reza a hankali. Ga madubai ƙanana kamar farce, duk sun yi ruwan ƙasa, ƙamshi kuwa ya bugi hancina kamar na buɗe akwatin lefe. Na ɗauko tsumma mai laushi na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe numfashi. Abin da na yi wa Jaki kafin shayi ya nuna, shi ne ya cinye mini yini guda a jikin Alhaji.

Ina ɗaure murfin ƙarshe na ji "wushe" a ƙofa. Ba Kiari ne, da ƙurar kasuwa a ƙafarsa. Na kunna. Alhaji ya yi kiɗansa, ya yi tunani, ya yi tunani. Sai ga takarda. Baƙi ƙirin a kan fari tas! Na yi ihu, "Allahu akbar!" Bukar ya rungume ni, masu tattasai suka cika ƙofa suna tafi.

Ba Kiari ya karɓi takardar, ya duba gaba ya duba baya. Bai yi murmushi ba.

"Me ya same shi?"

Na fara kame-kame. Na ce ai ƙura, da iska, da yanayin gari.

"Malam, ni manomi ne. In tattasai ya bushe ina tona saiwar in gani. Zai sake ko ba zai sake ba?"

Kafin in buɗe baki Ya Falmata ta ce, "Yaya, ni ce." Ta juya harshe zuwa Barbarci, Bukar na raɗa mini fassara a kunne. Ta faɗa masa duka, kaskon, zanen, sau biyu a rana. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in zai mayar da ita Gagamari ba ta da bakin magana, amma ya bari yara su ƙare shekarar karatu.

Fuskar Ba Kiari ta haɗe. Ya juyo gare ni ya ce shi bai yarda hayaƙi zai kayar da ƙarfe ba, a nuna masa. Na miƙa masa tsumman da na goge maduban, ya yi ruwan ƙasa, yana danƙo. Na ce, "Ga shi. Kuma gaskiya ɗaya ce, Ba Kiari. Ko ba turare, garin nan da ƙurarsa, wata rana zai sake, kuma sai an kira irina daga nesa. Jaki kuwa yau ɗin nan zan koya mata ta riƙa share shi da hannunta."

Ya jujjuya tsumman, ya kai hanci don ya tabbatar. Sai na ga mutumin nan ya tsaya cak. Ya sake sansanawa, ya daɗe. Ya yi wata tambaya gajera da Barbarci, ta amsa da kai. Bukar bai fassara ba sai da na zungure shi.

"Haɗin mahaifiyarsu ne," ya raɗa mini. "A Baruwa ita kaɗai ke yin irinsa. Ta rasu bayan sun gudo. Bai san Falmata ta riƙe haɗin ba."

Masu tafi suka janye daga ƙofa. Ba Kiari ya zauna a bencin masu jira, ya share ido da bakin hularsa, bai ɓoye ba. Can ya yi gyaran murya, ya koma Hausa don in ji.

"Malam, wannan Alhajin, akwai mai saye?"

Na ce yanzu da ya tashi, ofisoshi masu sanyi za su yi rububinsa.

"To a sayar. Ka nemo mata ƙanen Jaki, wanda ƙofarsa ke buɗewa." Ya dubi ƙanwarsa. "Ke kuma kaskon nan, ki ajiye shi can bakin ƙofa, nesa da su. Amma kada in shigo shagon nan in tarar babu wuta a cikinsa."

A nan ne Ya Falmata ta ja lafaya ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ni ma, kada ku gaya wa kowa, sai da na juya ina neman turnabis ɗin da ke hannuna.

Da na gama haɗa jaka na miƙa hannu in karɓi tsummana. Ba Kiari ya ninke shi gida huɗu, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya dafe wurin da tafin hannu. Ban tambaye shi ba.